MoMo Ta Riƙe Kasuwar Malam Atta: Ina Gasar Kamfanonin Waya Ta Tafi?

Idan aka ƙirga lemomin masu MoMo, wato ajiya da tura kuɗi ta waya, daga Kasuwar Malam Atta har zuwa Nima da Maamobi a birnin Akara, rawaya ce za ta rinjaya, kalar MTN. Jar Telecel sai jefi-jefi. Shekaru goma sha biyar da suka wuce ba haka abin yake ba.

Mobitel ne ya fara kawo wayar hannu Gana a 1992. Spacefon ya biyo baya a 1996, kuma tsofaffin 'yan Zongo suna tuna zamanin da ake zuwa gindin lema a biya kuɗi a yi kira na minti ɗaya, saboda layi ya fi ƙarfin talaka. Spacefon ya koma Areeba, daga baya ya zama MTN a 2007. Vodafone ya sayi kashi 70 na Ghana Telecom a 2008, Glo ya shigo a 2012. A lokacin kamfanoni shida ne ke kokawa, ciki har da Tigo, Airtel da Expresso, har mutum kan yi yawo da layi uku don cin garaɓasar kowa.

Sannu a hankali aka fara faɗuwa. Expresso ya mutu, Glo ya dushe. Airtel da Tigo sun haɗe a 2017, amma hakan bai cece su ba. Gwamnati ta karɓi kamfanin a 2021, yanzu AT ake kiransa. Telecel ya gaji Vodafone a 2023. Surfline, wanda ya fara kawo intanet na 4G a 2014, shi ma ya rufe.

Ana yawan cewa MTN ya ci kasuwa ne saboda ya riga sauran manyan kamfanonin waya sayen lasisin 4G a 2015, kan dala miliyan 67.5, yayin da Vodafone bai kunna nasa ba sai 2019. Gaskiya ne, amma a ganina abin da ya ɗaure mutane shi ne MoMo da ya fara a 2009. Mai sayar da albasa a Malam Atta ba ta damu da saurin intanet ba kamar yadda ta damu da inda kuɗinta ke kwana. Dillalinta na Bawku lambar MTN gare shi, kuɗin adashi ta nan ake turawa, 'yar kayayen da ke ɗaukar mata kaya ta nan take aika wa iyayenta a arewa. Mai saye zai ce, "Hajiya, ba ni da canji, in tura miki?" Sai ta nuna masa kwalin da ta rubuta lambarta a kai, ya danna *170#, ba za ta miƙa ledar ba sai ta ji wayarta ta yi ƙara. Wa zai bar irin wannan layi don an rage masa 'yan kwabbai a kuɗin data?

Hukuma ta yi ƙoƙari. Tun 2011 ana iya sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba, kuma tun 2018 kuɗi ke tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan. A 2020 hukumar kula da sadarwa ta NCA ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwa, ta ɗora masa ƙa'idoji don kada ya danne na ƙasa. Abin dariyar shi ne, hana babba karya farashi yana kare ƙananan kamfanoni, amma aljihun mai saye ne ke ji a jika. Ko harajin tura kuɗi da aka sa a 2022, aka soke a 2025, bai raba mutane da MoMo ba.

A 5G gwamnati ta sauya salo: ta ba kamfani guda, NGIC, lasisin shimfiɗa hanyar, sauran su yi haya a kai, aka yi bikin ƙaddamarwa a Nuwamba 2024. Hakan na iya sauƙaƙa wa Telecel da AT kuɗin kafa turaku, amma bai taɓa batun asusun kuɗi ba, wanda nan ne MTN ya yi musu nisa.