Kyautata Tsarin Kula da Tekuna Domin Ci Gaba Mai Ɗorewa

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, saboda haka ɗalibi zai iya tambayar abin da ya haɗa shi da wannan batu. Amsar tana cikin kasuwanninmu. Kifin ƙanƙara da ake soyawa a Kano da Sakkwato da Maraɗi daga teku ake kamo shi, haka kuma mafi yawan hajar da ke zuwa daga ƙasashen waje ta jiragen ruwa take isowa. Teku ya mamaye kusan kashi 71 cikin ɗari na sararin duniya. A wannan darasi za a bayyana yadda ƙasashe suka tsara amfani da shi, da dalilin da ya sa tsarin yake buƙatar gyara.

2.0 Ma'anar Kula da Teku

Kula da teku na nufin dokoki da hukumomi da yarjejeniyoyin da ke fayyace wanda ke da ikon amfani da wani yanki na ruwa, da gwargwadon abin da zai ɗiba, da hukuncin wanda ya ƙetare haddi. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A Argungu akan hana su a Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi, kuma akwai Sarkin Ruwa mai lura da al'amuran kogin. Idan aka duba wannan tsari za a ga ginshiƙai uku: iyaka sananniya, da doka karɓaɓɓiya, da mai tsare dokar. Su ne kuma ake buƙata a teku.

3.0 Shata Iyakoki

A shekarar 1609 wani masanin shari'a ɗan ƙasar Holan, Hugo Grotius, ya kawo hujjar cewa teku ba mallakar kowa ba ne. Ra'ayin ya daɗe yana aiki, domin a lokacin ana ganin kifi ba ya ƙarewa. Da aka ƙera manyan jiragen su, aka kuma gano man fetur a ƙarƙashin ruwa, sai ƙasashe suka shiga jayayya. Wannan ya kai ga Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Ta kasa teku kamar haka:

(a) Ruwan ƙasa: mil 12 na ruwa daga gaɓa, inda ƙasa ke da iko kamar yadda take da shi a tudu. Mil ɗaya na ruwa mita 1,852 ne.

(b) Keɓaɓɓen yankin tattalin arziki: har zuwa mil 200, inda kifi da ma'adinai ke hannun ƙasar da ke gaɓar, amma jiragen wasu na da 'yancin wucewa.

(c) Tsakiyar teku: duk abin da ya wuce haka, wato kusan kashi biyu cikin uku na tekunan duniya. Ma'adinan da ke ƙasan wannan yanki an ayyana su a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya.

Har ila yau, yarjejeniyar ta amince cewa ƙasashen da ba su da gaɓa, irin su Nijar da Chadi, suna da haƙƙin isa teku ta cikin ƙasashen maƙwabta.

4.0 Darasi daga Kanada

Shata iyaka kaɗai ba ya hana ɓarna. Gaɓar Newfoundland ta ƙasar Kanada ta shafe ɗaruruwan shekaru tana ciyar da masunta da wani kifi da ake kira kod. A 1968 abin da aka kama ya kai kimanin tan 800,000, akasari a hannun jiragen ƙasashen waje. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200, ta rage baƙin jirage, amma sai nata jiragen suka maye gurbinsu. Ƙananan masunta sun yi ta kukan cewa kifin yana raguwa, hukuma ba ta saurare su da wuri ba. A 1992 dole ta sa aka haramta kamun, kimanin mutum 30,000 suka rasa sana'a. Ba a ɗage haramcin ba sai 2024, bayan shekara 32, kuma aka ƙayyade kamun a tan 18,000 kacal. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

5.0 Dokokin Ɗorewa

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, aka ware na 14 ga rayuwar cikin ruwa. Daga cikin abubuwan da ya ƙunsa akwai kawo ƙarshen kamun kifi fiye da kima, da killace kashi 10 cikin ɗari na teku kafin 2020, da rage gurɓata shi kafin 2025. Ba a cim ma waɗannan a kan lokaci ba. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar sun nuna cewa a 1974 kashi 10 cikin ɗari ne na nau'o'in kifin da ake bibiya ake kamawa fiye da yadda suke hayayyafa, amma a 2021 adadin ya haura kashi ɗaya cikin uku.

Duk da haka an sami ci gaba ta fuska biyu. Ta farko, a 2022 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙarƙashin jagorancin Ngozi Okonjo-Iweala, ta cim ma yarjejeniyar hana gwamnatoci tallafa wa jiragen da ke satar kifi, kuma ta fara aiki a 2025. Ta biyu, a 2023 aka amince da yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku, wadda ta ba da damar killace wurare a yankin da ba na kowa ba. A watan Satumba na 2025 ta sami amincewar ƙasashe 60 da ake buƙata domin ta zama doka.

6.0 Matsalar Tsare Doka

A nan ne raunin tsarin ya fi bayyana. A tsakiyar teku, ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke da alhakin hukunta shi, don haka masu son zuciya sukan yi wa jiragensu rajista a ƙasashen da ba sa tsananta bincike. Bugu da ƙari, ƙasashe masu tasowa ba su da isassun jiragen sintiri, shi ya sa satar kifi ta addabi gaɓar Afirka ta Yamma, ƙananan masunta ke dawowa da kwale-kwale babu komai.

Hanyoyin gyara sun haɗa da binciken jirage a tashoshi da hana ɓarayin kifi sauke kaya, kamar yadda wata yarjejeniya da ta fara aiki a 2016 ta tanada. Sai haɗin kan maƙwabta, irin wanda ƙasashen mashigin tekun Gini suka ƙulla a Yawunde a 2013 domin yaƙar fashin teku da satar kifi. Sai kuma dogaro da binciken masana tare da sauraren masunta.

7.0 Kammalawa

An ga cewa duniya ta shata iyakoki, ta kuma samar da dokoki, abin da ya rage shi ne ƙarfafa masu tsare su. Malami yana da rawar takawa. Ledar da aka jefa a magudanar ruwa a Kaduna tana iya bin Kogin Kaduna zuwa Kwara, daga nan ta faɗa Tekun Atlantika. Idan malami ya fahimtar da ɗalibansa wannan alaƙa, ya fara koya musu kula da teku tun daga ƙofar gida.

Tambayoyin Bita

1. Kawo ginshiƙai uku na kula da ruwa, ka kwatanta su da tsarin Argungu.
2. Me ya sa faɗaɗa iyakar Kanada a 1977 bai ceci kifin kod ba?
3. Rubuta insha'in bayani a kan yadda al'ummarku ke kula da kogi ko tafki.