Yadda Haske ke Auna Iskar Oksijin a Jini

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san ɗan abin nan da nas ke matsa wa mara lafiya a yatsa. Ba allura, ba ɗigon jini, amma cikin daƙiƙoƙi sai ya nuna lambobi biyu: bugun zuciya, da yawan oksijin a jini.

Sirrin yana cikin launi. A jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, shi ke dakon oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. In ya yi lodi, jini ya yi ja wur. In ya sauke, sai ya yi duhu. Wannan bambancin na'urar ke bi. A gefe ɗaya na bakinta akwai ƙananan fitilu biyu, ɗaya na ba da jan haske mai zangon nanomita 660, ɗayar kuma haske mai zangon 940 wanda ido ba ya gani. Duka biyun suna ratsa yatsa su faɗa kan ma'auni a ɗaya gefen. Jini mai oksijin ya fi shanye hasken ɓoyen, ya bar jan ya wuce. Marar oksijin kuwa jan yake shanyewa.

To amma yatsa ba jini kaɗai ba ne, akwai fata da ƙashi da farce, kowanne na tare haske. A nan ne basirar Takuo Aoyagi, injiniya a kamfanin Nihon Kohden na Japan, ta yi aiki a farkon shekarun 1970. Ya lura duk lokacin da zuciya ta buga, jijiya na kumbura kaɗan, hasken da ke wucewa ya ragu, sannan ya dawo. Ƙashi da fata ba sa motsi. Saboda haka na'urar ke watsar da abin da ke tsaye, ta auna mai hawa da sauka kawai, ta fitar da kaso cikin ɗari. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Ƙasa da 90 kuwa, a nemi likita ba jinkiri.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar lambar tamkar ba ta kuskure. Yatsa mai sanyi, karkarwa, jan farce ko baƙin lalle duk na iya rikita ta. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki, gubar kan manne wa himogulobin, na'urar ta ɗauka oksijin ce, ta nuna lamba mai kyau alhali mutum na cikin haɗari. Wani bincike na Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya gano cewa ƙarancin oksijin da na'urar ba ta nuna ba ya ninka kusan sau uku a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da fararen fata. Wannan mu ya shafa kai tsaye. In yaro na haki, haƙarƙarinsa na lotsawa, a kira nas ko da allon na nuna 96.