Tsakuwar Matsarmama da Takardar Sallama

Da zarar an ji a rediyo ko Facebook cewa an tsinci "wani abu" a cikin mutum bayan tiyata, majalisun Jekadafari da Pantami a Gombe kan yanke hukunci tun shayi bai huce ba: likita ya manta almakashi. Hakan na faruwa, kuma sakaci ne. Amma akwai abin da kan saura a ciki wanda jikin mara lafiyar ne da kansa ya haife shi, wato tsakuwar matsarmama.

Matsarmama ƴar jaka ce a ƙarƙashin hanta, mai tara ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. In tsakuwa ta taru cikinta tana damun mutum, sai a cire jakar ɗungurungum. Tun 1882 da Carl Langenbuch ya fara aikin a Balin, farke ciki ake yi, har 1985 da wani Bajamushen, Erich Mühe, ya yi shi ba tare da babban yanka ba. Yau ƙananan huji ake yi a zura kyamara. Ciwo kaɗan, sallama da wuri.

Sai dai jakar da ta kumbura takan yage sa'ad da ake ɓamɓare ta daga hanta ko zaro ta ta hujin cibiya, tsakuwoyi su watse tsakanin hanji. Likita zai tsince ya wanke wurin, amma wata kan ɓuya. Akasarinsu sukan yi zamansu lafiya. Kaɗan sukan tara mugunya a gefen hanta, ko hujin ya yi ta tsiyaya ya ƙi warkewa. Akwai ma waɗanda tsakuwar ta ratsa har ƙirjinsu, suka fitar da ita da tari. Abin na iya ɓulla bayan watanni, ko bayan shekara goma.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu sosai shi ne sikila, wato amosanin jini. A Turai mai tsakuwar matsarmama galibi babbar mace ce mai jiki, tsakuwarta ta kitse. A nan har da yaro ɗan firamare. Ƙwayar jinin mai lafiya kan yi kwana 120, ta mai amosanin jini kuwa kwana 10 zuwa 20. Launin da ke fita daga rugujewarta, wanda ke sa ido ya yi ruwan ɗorawa, shi ke taruwa a matsarmama ya zama baƙar tsakuwa. Likitoci sun lura tsakuwa mai launi ta fi ta kitse jawo mugunya in ta zube, ga shi saifar mai sikila ta raunana tun yarinta. Tun 1910 James Herrick ya bayyana cutar sikila a Shikago. Najeriya ce kan gaba a duniya, inda ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da AS. Duk da haka ana ɗaura aure a unguwanninmu ba a ga takardar gwajin jini ba. Yaro ya yi ta murƙususun ciwon ciki a ce "ciwonsa ne ya tashi", a ɗura masa magani, babu mai tunanin hoton ciki.

Ka ɗauka yarinyar da aka yi wa aiki ta dawo bayan shekara uku da zazzaɓi da kumburi a haƙarƙarin dama. A gida a ce jifa ne. A asibiti a yi zaton tarin fuka na ciki ko kansa, a yi watanni ana shan maganin da ba nata ba. Layi ɗaya a takardar sallama, cewa tsakuwa ta zube yayin aiki, da ya gajarce wannan wahala.

Saboda haka ya kamata Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da aka kafa a 1996 ya zama na koyarwa a 2014, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da masu zaman kansu, su mayar da wannan ƙa'ida: in ta zube a rubuta, a kuma faɗa wa mara lafiya da danginsa da Hausa ko Fulatanci. Ƙwararren likita ma jaka kan yage a hannunsa, ɓoyewar ce cin amana. Ku kuma iyaye, kafin ku naɗe tabarma ku tambaya: "Likita, an fitar da ita duka?" Sannan ku adana takardar nan inda kuke adana takardar fili.