Daga gadon asibiti zuwa teku: yadda manyan matuƙa ke shirin gasar duniya bayan rauni

A farkon shekarar 2012 aka yi wa Ben Ainslie, ɗan ƙasar Birtaniya, tiyata a baya. A watan Agustan shekarar ya lashe zinare a gasar Olamfik ta Landan cikin ƙaramin jirgin ruwa samfurin Finn, wanda shi ne zinarensa na huɗu a jere. Bayan shekara huɗu, Santiago Lange na Ajantina, yana da shekara 54, ya ci zinare a Riyo tare da Cecilia Carranza Saroli, kimanin shekara guda bayan likitoci sun cire masa wani sashe na huhu saboda ciwon daji.

Waɗannan labarai biyu na ƙarfafa gwiwar duk wanda ya ji rauni yake son komawa kan ruwa. Sai dai mutanen biyu ƙwararru ne da wasan ya zama musu sana'a, suna da masu horarwa da likitoci da lokaci. Akasarin masu shiga gasar duniya ta manya a shekaru kuwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho, waɗanda ke atisaye bayan tashi daga aiki, suna biyan komai daga aljihunsu. Idan irin wannan mutum ya yi kuskure wajen lissafin lokacin komawa, abin da zai rasa ya wuce kofi: yana iya rasa gwiwa ko baya har ƙarshen rayuwarsa.

Wace irin gasa ce wannan?

Jiragen da ake magana a kansu ƙanana ne, ba su da inji, ba a kuma tuƙa su da filafili kamar kwale-kwale. Iska ce ke tura su ta hanyar wani babban ƙyalle da aka ɗaura a jikin doguwar sanda. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda aka daɗe ana kira Laser, wanda Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, aka fito da shi kasuwa a 1971. Tsawonsa mita 4.23, nauyin gangar jikinsa bai kai kilo 60 ba, mutum ɗaya ke tuƙa shi, kuma an ƙera fiye da 200,000. Ya shiga Olamfik a 1996. Bayan rikicin da ya ɓarke a 2019 tsakanin ƙungiyar matuƙan jirgin da wani babban kamfanin da ke ƙera shi, aka koma kiransa ILCA.

Ƙungiyar na shirya gasar duniya ta musamman ga manya, inda ake raba su bisa shekaru: akwai rukunin 'yan ƙasa da 45, sai na 45 zuwa 54, da 55 zuwa 64, da 65 zuwa 74, sannan na masu 75 zuwa sama. Gasar na yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. An yi ta a Pattaya ta Tailan a 2023, aka yi a Adelaide ta Ostireliya a 2024. Su ma matuƙan Finn suna da tasu, wadda ake shiga daga shekara 40.

Akan shafe kusan mako ana fafatawa, galibi tsere biyu a rana, kowane yana cin kusan awa guda. Wanda ya zo na ɗaya ya samu maki ɗaya, na goma ya samu goma, kuma mai mafi ƙarancin maki a ƙarshe shi ne zakara. Ana yafe wa kowa tserensa mafi muni. Wannan tsari na da muhimmanci ga mai murmurewa, domin rana ɗaya ta bajinta ba ta kai mutum ko'ina. Jikin da zai iya maimaita aikin kwana bayan kwana shi ake buƙata.

Me ya sa wasan ke cin jiki?

Daga bakin gaɓa, mai kallo zai ɗauka matuƙin na zaune ne kawai yana shan iska. Gaskiyar ita ce idan iska ta bugi ƙyallen, tana neman kifar da jirgin, kuma babu abin da zai hana hakan sai nauyin matuƙin. Don haka yakan saƙala ƙafafunsa a ƙarƙashin wata ɗamara da ke tsakiyar jirgin, ya fitar da duwawu da gadon bayansa waje, ya kishingiɗa a kan sarari bisa ruwa. A haka zai kasance na tsawon mintuna, yana tuƙi da hannu ɗaya, yana jan igiya da ɗayan.

Paul Elvstrøm na Denmak, wanda ya ci zinare huɗu a Olamfik tsakanin 1948 da 1960, shi ya yaɗa wannan dabara, har ya ƙera benci a gida domin yin atisayenta a kan tudu. Nauyin kishingiɗar na sauka ne a kan tsokar gaban cinya, da gwiwa, da tsokar ciki, da ƙasan baya. Saboda haka ne ciwon gwiwa da na baya suka fi addabar matuƙan waɗannan jirage. Kafaɗa ma na shan wahala wajen jan igiya. Sannan duk lokacin da jirgi ya juya, sai matuƙi ya durƙusa ya wuce ta ƙarƙashin sandar da ke kwance a ƙasan ƙyallen. Wanda ya makara, ta buge shi a kai.

Shekaru na ƙara wa lamarin nauyi. Bayan shekara 30, mutum na rasa kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma, kuma asarar na ƙaruwa bayan 60. Makonnin kwanciya bayan tiyata na zaftare tsoka da sauri, kuma dawo da ita a wurin mai shekara 55 ya fi ɗaukar lokaci fiye da na saurayi.

Yaushe ne lokacin komawa?

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar ranar gasa a matsayin ma'auni, a tilasta wa jiki ya warke kafin ta. Masu gyaran gaɓoɓi suna duba abin da jiki zai iya yi ne, kuma daina jin zafi bai isa hujja ba. Misali, ga wanda aka ɗinke wa babbar jijiyar tsakiyar gwiwa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ƙarfin ƙafar da ta ji rauni ya kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar. Wani bincike da masana daga Oslo ta Norwe da Delaware ta Amurka suka wallafa a 2016 ya gano cewa haɗarin sake jin rauni na raguwa da kusan rabi a kowane wata da ɗan wasa ya jinkirta komawa, har zuwa wata na tara bayan tiyata. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a nan alƙaluma sun gaskata su.

Akwai kuma batun zuciya. A tsakanin 'yan wasan da suka haura 35, toshewar jijiyoyin zuciya ita ce kan gaba wajen haddasa mutuwar farat ɗaya lokacin motsa jiki. Wanda ya yi watanni a kwance, sannan zai koma aiki mai tsanani, yana buƙatar likita ya duba hawan jininsa da zuciyarsa tukuna, musamman da yake faɗawa ruwa mai sanyi na sa numfashi da bugun zuciya su tashi nan take.

Matakan shiri

Shirin kan fara a kan tudu. Da fari ana dawo da motsin gaɓar da ta ji rauni, sai ƙarfafa tsoka da ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan. Keke na da farin jini a wurin matuƙa, saboda yana gina cinya da numfashi ba tare da dukan gwiwa ba. Bayan nan sai bencin kishingiɗa, irin wanda Elvstrøm ya fara: a fara da daƙiƙu, a huta, a maimaita, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Idan gaɓa ta kumbura ko zafi ya kwana har washegari, alama ce an wuce gona da iri, sai a koma baya mataki ɗaya.

Mataki na biyu shi ne komawa ruwa a ranar da iska ba ta da ƙarfi, na ɗan gajeren lokaci, da rigar ceto, kuma da wani jirgi mai inji a kusa. A nan akwai jarrabawar da ba a tsallakewa. Waɗannan jirage na kifewa, har a hannun gwanaye. Idan hakan ta faru, matuƙin ne da kansa zai kama allon da ke fitowa ta ƙarƙashin jirgin, ya danna da nauyinsa har jirgin ya miƙe, sannan ya ja jikinsa ya koma ciki. Wanda kafaɗarsa ko bayansa ba za su iya wannan ba sau biyu ko uku a jere, yana gajiye, bai shirya shiga gasa ba, komai ƙwarewarsa a tuƙi.

Mataki na uku shi ne ƙananan gasanni na kulob da na yanki, domin a gwada jiki da kwana biyu a jere kafin a gwada shi da mako. A wannan lokaci ne ake yanke shawarar girman ƙyalle. Gangar jirgin ɗaya ce, amma ILCA 7 na ɗauke da ƙyalle mai faɗin murabba'in mita 7.06, ILCA 6 kuma 5.76. Ƙaramin ƙyalle na nufin ƙarancin matsin iska, don haka ƙarancin nauyi a kan gwiwa da baya. Dattawa da dama na sauka zuwa ƙaramin, kuma yana da nasa kambun na duniya.

Tarkon magunguna

Wani abin da masu murmurewa kan manta shi ne dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Hukumar wasan ta duniya na bin ƙa'idojin WADA, kuma waɗannan ƙa'idoji ba su ware dattijo ba. Tun daga Janairun 2022 aka haramta duk wata allurar kotizon da danginta a lokacin gasa, har da wadda ake yi a cikin gaɓa don rage kumburi. Daga Janairun 2024 kuma tiramadol ta shiga jerin abubuwan da aka hana a lokacin gasa. Wanda lafiyarsa ta tilasta masa amfani da irin waɗannan dole ne ya nemi izini na musamman tare da takardun likita. Ban da doka, maganin kashe zafi na da wani haɗarin: yana toshe gargaɗin da jiki ke bayarwa, mutum ya ci gaba da lalata gaɓar da ba ta gama warkewa ba.

Wa ke iya biyan kuɗin?

Dokar ILCA ta tanadi cewa duk jiragen su zama iri ɗaya, ba a yarda kowa ya sauya fasalin nasa ba, domin gwaninta ta yi hukunci maimakon kuɗi. A kan ruwa wannan adalci na aiki. Kafin a kai ga ruwan kuwa akwai kuɗin rajista, da hayar jirgi a wurin gasar, da tikitin jirgin sama, da masauki, da biza, ga kuma watannin gyaran gaɓoɓi. Mai inshorar lafiya da ke ganin ƙwararre duk mako ba daidai yake da mai biya daga aljihu ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa 'yan Turai da Arewacin Amurka da Ostireliya suka fi cika jerin masu fafatawa.

Abin da gasar manya ke bai wa mai rauni, wanda Olamfik ba ta bayarwa, shi ne lokaci. Olamfik sai bayan shekara huɗu, kuma ƙasa ɗaya jirgi ɗaya take turawa a kowane rukuni. Gasar manya kuwa kusan kowace shekara ake yi, kuma wanda ya tsufa a rukuni sai ya shiga na gaba a matsayin ƙarami a cikinsu. Elvstrøm ya yi Olamfik ɗinsa na ƙarshe a 1988 yana da shekara 60, tare da 'yarsa Trine. Robert Scheidt na Birazil ya fafata a Tokiyo cikin wannan jirgi yana da 48. Matuƙin da aka yi wa tiyata yana da 54, idan ya haƙura da gasar bana ya bar gwiwarsa ta kammala wata tara, zai dawo baɗi a rukunin 55 zuwa 64, inda akwai gasanni goma a gabansa.