Ƙarfafa Marmara Domin Gini: Misali Daga Illela

Illela gari ne na kan iyaka, wajen kilomita 85 arewa da Sakkwato, daura da Birnin Konni. Manyan motoci masu ɗauke da shanu da hatsi ba su rabuwa da hanyarsa, balle ran Lahadi da kasuwa ke ci. A nan ne kuma aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta kai Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, cikin Oktoba 2024. Ko da kankare aka shimfiɗa a bisa, nauyin duka ƙasar da ke ƙasa ita ke ɗauka, ita kuwa galibi marmara ce.

Marmara ita ce jar ƙasan nan mai tsakuwa wadda ke rufe kan tuddan ƙasar Sakkwato, jarta kuwa ta tsatsar ƙarfe ce. Wani Bature, Francis Buchanan, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1807, da ya ga mutanen Malabar ta ƙasar Indiya suna yanka ta tubali tubali.

Abin da masana ke aunawa shi ne ƙarfinta na ƙin zamewa, watau iyakar nauyin da za ta jure kafin wani sashe ya sulluɓe bisa wani. Tun 1776 Coulomb na Faransa ya nuna abu biyu ke riƙe ƙasa. Na fari gogayyar ƙwayoyi, kamar yadda tsakuwa ke cije juna in an danne ta. Na biyu danƙo, irin na yumɓu. A kan zuba ƙasar cikin akwati mai rabi biyu, a aza nauyi, a yi ta tura rabin sama har ta tsage. Ruwa kuwa yana rage su duka biyu, gama ya kan cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ya sassauta cizonsu, ya jiƙa danƙon. Shi ya sa hanyar da ta yi rani kamar dutse ta kan lotsa cikin Agusta.

Magani na farko, wanda a ganina ya fi sauran, shi ne daɓe. Matan Hausa sun daɗe da saninsa: a baza birji, a yayyafa ruwa, a yi ta duka da madaɓi, sa'an nan a zuba makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa. Ba su daɓe busasshiyar ƙasa, ba su kuma daɓe caɓi. Abin da Proctor ya tabbatar ke nan a Amurka a 1933, cewa kowace ƙasa tana da laimar da in an danne ta a kai ta fi cushewa. Saboda haka a kan shimfiɗa marmara kaurin inci 6, a jiƙa daidai, a bi da injin daɓe, kana a ƙara wata. Amma ita tana da wani hali: in duka ya yi yawa tsakuwarta ta kan farfashe ta koma gari, gogayya ta ragu.

In daɓe bai isa ba sai a yi gauraye. Farar ƙasa da aka ƙona ta dace da ƙasa mai yumɓu da yawa, irin ta fadama, don ta kan dunƙule yumɓun ta hana shi kumbura. Marmara mai yashi, wadda ta fi yawa a arewacin Sakkwato, siminti ta ke so, kashi kaɗan cikin ɗari. Ga shi kuwa kusa, tun da masana'antar Kalambaina ta fara aiki a 1967. In aka zarce kima sai shimfiɗar ta bushe ta tsattsage, ruwa ya sami ƙofa. Tokar ɓuntun shinkafa ma tana taimako, amma sai an haɗa ta da farar ƙasa ko siminti. Ita kaɗai ba ta kamawa.

Wahalar Illela ita ce zafi da iskar rani. Siminti ba ya ƙarfi sai da laima, don haka lalle a rufe shimfiɗar, a riƙa yayyafa mata ruwa kwana 7 kafin a bar mota ta hau.