Itace da Halittun da ke Ƙarƙashinsa

Manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun daɗe da sanin cewa dawar da ta tsiro a gindin gawo ta fi ta sarari kauri da zangarniya. Dalilin ne ya ɓuya, domin yana ƙarƙashin ƙasa.

A cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya riskar su sai da madubin likita. Kowane irin itace kuwa da nasa maƙwabtan. A shekarar 1888 wani masani Baturen Holan, Beijerinck, ya ware ƙwayar da ke zaune cikin ƙululun saiwar dangin wake da gyaɗa. Irinta ke zama a saiwar gawo. Itace ya ba ta abinci, ita kuwa ta kamo naitirojin daga iska ta mai da shi taki, shi ne sinadarin da ake saye da tsada a buhun yuriya. Ciniki ne na musaya, ba bashi, ba riba. Ga shi kuma gawo yana zubar da ganye da damina, ganyen ya ruɓe, rana ta sauka kan shuka.

Doka, wadda ta fi son ƙasar kudu inda ruwa ya fi yawa, ba haka take ba. Abokan hulɗarta dangin naman kaza ne, masu lulluɓe saiwa da zare siriri, su jawo mata ruwa da abinci daga nesa.

Haka aka gani a dazuzzukan ƙasashen sanyi na Turai. Itatuwa masu ganye kamar allura suna sa ƙasa tsami, dangin naman kaza su rinjaya, ruɓa ta yi jinkiri. Inda ganye mai faɗi da laushi ke zuba kuwa, tana da ƙananan ƙwayoyi sukan yawaita.

Mai sare gawo don gawayi ya karɓi kuɗin wuni ɗaya, ya kori ma'aikatan da ba su neman lada. Mutanen Maraɗi sun sake hali tun daga 1983, suka riƙa barin tohon kututture a gona suna gyara shi har ya zama itace. Gonakin da aka farfaɗo da su ta wannan hanya a Nijar sun kai wajen hekta miliyan 5.