Hannun Biri da Reshen Tsamiya

Duk wanda ya tashi a Dosara ko wani ƙauye na ƙasar Maradun ya san ɓarnar jan biri a gonar gero da gyaɗa. Yara masu tsaron gona sun san gudunsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dubi hannunsa. To, a kan wannan hannu muke so mu yi magana, domin kowace shekara sai ɗalibai sun tambaye mu abin da ya sa masana suka haɗa mutum da biri cikin dangi ɗaya.

Mu fara da yadda dabbobi suke hawan itace. Kyanwa takan kafa farcenta a jikin ɓawo ta haye nan da nan, amma in ta zo saukowa sai ta yi ta kuka, gama farcen nata na hawa ne kawai. Dangin kurege masu zama bisa itace sun fi ta dabara, sukan juya ƙafafunsu na baya su sauko kai ƙasa. Biri kuwa ba ya kafa farce. Nasa faffaɗa ne irin namu. Kama reshe yake yi da yatsu, hannu da ƙafa duka, idanunsa biyu kuma suna duban gaba, abin da ke sa ya auna nisan reshe kafin ya yi tsalle.

Da can masana sun ɗauka zaman bisa itace ne kaɗai ya kawo wannan siffa. A shekarar 1974 wani masani ɗan Amurka, Matt Cartmill, ya ce a'a. In haka ne, don me kuregen itace yake da farce mai kaifi da idanu a gefe, alhali ba wanda ya fi shi iya hawa? Amsar tana can ƙarshen reshe. Farce yana aiki a gindin kuka ko tsamiya, inda akwai wurin kafa shi. Amma a siririn reshe mai kaurin tsinke, wanda ke lilo, ba abin da ke tsare dabba daga faɗuwa sai damƙa.

Me ya kai kakannin birai can? Cartmill ya ce farautar ƙwari ce da dare. Ku dubi hawainiya, wadda ba dangin biri ba ce ko kaɗan. Ita ma damƙar reshe take yi, kuma in za ta harbi fara da harshenta sai ta juyo idanunta biyu gaba. Sana'a iri ɗaya, kayan aiki iri ɗaya. A 1991 Robert Sussman ya kawo wata magana, ya ce furanni da 'ya'yan itace ne suka ja su, tun da yake a ƙarshen rassa suke fitowa. A 2002 aka bayyana ƙasusuwan wata 'yar dabba mai suna Carpolestes, da aka tono a Wyoming ta Amurka, mai kimanin shekara miliyan 56. Babban yatsan ƙafarta na damƙa ne, da faffaɗan farce, amma idanunta ba su juyo gaba ba tukuna, haƙoranta kuma na cin 'ya'yan itace ne. Watau damƙa ta riga ido. A ganinmu wannan ya ƙara wa maganar Sussman nauyi, ko da yake gardamar ba ta ƙare ba.

Yanzu ku ɗaga hannunku sama ku juya shi. Wannan kafaɗa irin ta masu rataya a reshe ce. Ƙasusuwan nan da ake kira Lucy, waɗanda aka samu a Habasha a 1974, masu shekara miliyan 3.2, sun nuna halitta mai tafiya da ƙafa biyu, amma da dogayen hannuwa da lanƙwasassun yatsu na mai hawan itace.

A nan ne wani ɗalibi yakan miƙe ya ce, "Malam, ke nan biri ne kakanmu? Ina Littafin Farawa?" Masana dai ba su ce jan biri ya haifi mutum ba, cewa suka yi asali ɗaya aka haɗa tun da nisa. Ko a ɗakin malamai ba bakinmu ɗaya a kan wannan ba. Mu dai ba mu ga laifi ga mai bi ya dubi aikin Mahalicci da idon basira ba, kuma tambayar tana fitowa a jarrabawa.

Mu koma ga jan birinmu. Shi ya bar itace ya dawo ƙasa. Ƙafafunsa sun yi tsawo, yatsunsa sun gajarta, yana gudun kilomita 55 a sa'a, duk cikin birai ba mai kama shi. Duk da haka, in rana ta faɗi sai garken ya watse, kowane babba ya nemi itacensa ya kwana. Garke ɗaya yana bukatar itatuwa da yawa ke nan, ga ƙaro da yake ci a jikinsu. Inda aka share daji don noman rani a Bakalori, da inda masu gawayi suka bi da gatari, yara da dama sun girma ba su taɓa tsaron biri a gona ba.